Kafin Basilla: Yadda Mutanen Zamanin Dutse Suka Huda Fata, Ƙashi da Dutse

A bakin Titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi, ba a rasa mai gyaran takalmi zaune a inuwa da ɗan akwatinsa. Duk wanda ya tsaya ya lura da aikinsa zai ga cewa zare ba ya shiga fata sai an yi masa hanya. Basillar da yake yin hanyar da ita, sau da yawa sifokin keke ne ko ƙarfen tsohuwar laima aka feƙe aka sa wa ƙota. Yakan danna ta, ya ɗan juya hannu, sai tsininta ya ɓullo ta ɗaya gefen. Can ciki kuma, wajen Darmanawa, inda sababbin gidaje suke ta cinye filayen da a da gonaki ne, motar haƙa rijiyar burtsatse tana ɓula dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, tana fitar da garinsa fari tas kamar an niƙa shi.

Mai gyaran takalmi da mai burtsatse aiki guda suke yi, wato huji, sai dai kowa da hanyarsa. Na farko sokawa yake yi, domin fata tana da taushi, da tsini ya shiga sai ta buɗe. Na biyu murzawa yake yi, domin dutse ba ya buɗewa, sai dai a cinye shi kaɗan-kaɗan. Dukkansu kuwa da ƙarfe suka dogara.

To, amma ƙarfe baƙo ne a tarihin ɗan Adam. Gawayin da aka samo a wurin narkar da tama a Dutsen Dala ya nuna cewa ana wannan sana'a a Kano tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A Taruga, kusa da Abuja, an sami matoyan ƙarfe da suka kai kimanin shekaru 2,500. Wannan tsufa ne idan aka kwatanta da ganuwar Kano, amma bai taka kara ya karya ba idan aka tuna cewa mutane sun fi shekaru 100,000 suna rataya abin wuya. Abin wuya kuwa ba ya ratayuwa sai da huda. Da me ke nan aka yi hudar?

Dutsen da ke karyewa kamar kwalba

Amsar tana cikin wani dutse da Bahaushe ya daɗe da sani. Kafin zuwan ashana, da ƙyastu ake kunna wuta: a ƙyasta ɗan ƙarfe a jikin ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi. Ita ce kuma ƙanƙarar da ake ɗaura wa bindigar gargajiya. Kalmar ƙanƙara a Hausa ta haɗa duwatsu da dama da masana ilmin duwatsu suka rarrabe, amma duk dangin juna ne, domin sinadarinsu ɗaya, wato silika, wanda shi ne kuma ainihin yashi da gilashi.

Irin wadda ta fi suna a littattafan Turai ita ce baƙar ƙanƙara ko mai ruwan toka, wadda ake samu dunƙule-dunƙule a cikin dutsen alli. Asalinta silikar jikin wasu ƙananan halittun teku ce da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce. A Grime's Graves, a gabashin Ingila, akwai ramuka fiye da 400 da mutane suka haƙa da ƙahon barewa kimanin shekaru 4,500 da suka wuce don su kai ga irin wannan ƙanƙara mai kyau. Wasu ramukan sun haura mita 10 a zurfi. Ba a yin irin wannan wahala a kan abin da ba shi da daraja.

Abu biyu ne suka ba ƙanƙara wannan daraja. Na farko tauri. A shekarar 1812 wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa wanda yake iya karce wani. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, ɓawon katantanwa wajen 3, gilashin taga da wuƙar gida wajen 5.5, ƙanƙara 7, lu'ulu'u kuwa 10. Ma'ana, ƙanƙara ta fi wuƙar da ake yanka albasa da ita tauri. Na biyu shi ne yadda take karyewa. Ba ta marmashewa kamar marmara, ba ta kuma tsagewa faifai-faifai. Idan aka buge ta a gefe, sai wani ɓangare ya ɓalle da santsi da kaifi, kamar yadda gindin kwalba yake ɓallewa. Wanda ya iya bugun yakan san girman abin da zai ɓalle da siffarsa tun kafin ya ɗaga hannu.

Ƙasar Kano ba ƙasar alli ba ce. Tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri irin wanda ake fasawa a yi kankare da shi, marmara kuma ta rufe shi a wurare da yawa, kamar yadda ake gani a Dala da Goron Dutse. Abin da ke nan shi ne farar ƙanƙara, wadda masana suke kira kwaz. Ita ce farar tsakuwar nan mai ƙyalli da yara suke gogawa da juna cikin duhu don su ga haske. Taurinta ɗaya da na baƙar, amma tana da gardama wajen sassaƙa, domin cike take da ƙananan tsage-tsage, takan karye inda ba a so. Duk da haka, da ita aka yi mafi yawan ƙananan kayan aikin dutse da aka tono a Nijeriya.

Yadda ake yin mahuji

Mahujin dutse ba wani abin kallo ba ne. Yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, wasu ma ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. Mai yin sa yakan fara ɓallo siririn ɓangare daga uwar dutse. Daga nan sai ya riƙa danna gefensa da tsinin ƙaho ko ƙashi, yana cire 'yan ɓarɓashi ta dama da ta hagu, har baki ya fito kamar na tsuntsu. Sauran jikin akan bar shi da faɗi don yatsu su sami wurin kamawa, a kuma dakusar da kaifinsa don kada ya yanki mai shi.

Siffar bakin ita ke bambanta aiki da aiki. Na soke fata siriri ne mai tsini. Na ɓula itace, ƙashi ko ɓawo ya fi kauri, kuma idan aka yanka shi a tsakiya za a ga yana da kusurwa uku ko huɗu. Hikimar tana cikin kusurwoyin nan. Tsini mai santsi kewaye kamar allura ba ya cin komai idan an juya shi, zamewa kawai yake yi. Kusurwa ita ke kankare jikin ramin a kowane juyi. Wasu masu sassaƙar har sukan gyara gefe ɗaya ta sama, ɗaya gefen ta ƙasa, ta yadda kaifin biyu za su ci gaba ɗaya idan aka juya. Kafintan da ya duba bakin ƙarfen hujinsa na yau zai ga wannan dabara a jikinsa.

Ana juya mahuji ta hanya uku. Mafi sauƙi a riƙe shi da yatsu ana murɗawa gaba da baya. Ta biyu a dasa shi a bakin siririn kara, a liƙe da ƙaro, a ɗaure da jijiya, sannan a riƙa murza karan tsakanin tafin hannu biyu, daidai yadda ake burga miya da maburgi. Ta uku ita ce ta baka: a naɗa tsirkiya sau ɗaya a jikin karan, a danne kansa da ɗan dutse mai kwarmi, a riƙa jan bakan gaba da baya. Wannan ta fi sauran sauri nesa ba kusa ba, kuma tana barin hannu ɗaya ya yi aikin dannawa kaɗai.

Ragowar tambaya ita ce yadda ake huda dutsen da taurinsa ɗaya da na mahujin. A nan yashi ke shigowa. Akan zuba ɗan yashi mai laushi da ruwa a bakin ramin, ƙwayoyin yashin su shiga tsakanin mahuji da dutse su riƙa gurzar dutsen. Da wannan dabara ko kara mai rami a ciki yana iya huda dutse, domin ba karan ke ci ba, yashin ne. Abin da ake buƙata shi ne haƙuri.

Akwai wata alama da ke tona asirin tsohon huji. Bakin dutse gajere ne, kuma yana faɗi yayin da ake komawa gindinsa, saboda haka ramin da yake yi mai faɗin baki ne da tsukakken ƙasa. Idan aka nace ta gefe ɗaya, abin da ake hudawa yakan fashe dab da ƙarshe. Don haka sai a tsaya a tsakiya, a juya, a faro ta baya har ramukan biyu su haɗu. Sakamakon shi ne rami mai siffar kalangu, faɗi a baki biyu, tsuke a tsakiya. Sau da yawa ma ramukan biyu ba sa haɗuwa daidai, sai a ga ɗan karkacewa a ciki. Tsakiyar da aka huda da injin zamani raminta miƙaƙƙe ne kamar bututu.

Shaidar da ke bakin dutse

Tsawon lokaci masana suna raɗa wa kayan dutse suna ne bisa kamanninsu kawai. In abu yana da tsini, a ce mahuji ne. Wannan zato ne, kuma zato yakan ci amanar mai shi. Wanda ya sauya al'amarin shi ne Sergei Semenov, wani masani na ƙasar Rasha, wanda ya wallafa sakamakon bincikensa a 1957, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1964. Semenov ya riƙa sassaƙa sababbin kayan dutse, a yi aiki da su a kan fata, itace da ƙashi, sannan ya duba bakinsu a madubin ƙara girma ya kwatanta da tsofaffin da aka tono.

Abin da ya bayyana shi ne kowane aiki yana barin sawunsa. Bakin da aka soka yana ɗauke da 'yan zane-zane da suka bi tsawonsa. Wanda aka juya kuwa zanensa kewaye yake, zobe-zobe. Masu binciken da suka biyo baya, musamman Lawrence Keeley a littafinsa na 1980, sun nuna cewa har ƙyallin da ke bakin yakan bambanta: busasshiyar fata tana dakusar da baki ta bar shi dishi-dishi, itace yana barin sheƙi mai santsi, ƙashi kuma nasa daban. Ta haka aka gane cewa wasu abubuwan da aka daɗe ana kira mahuji ba su taɓa huda komai ba, wasu ɓarɓashin da aka raina kuwa sun sha aiki. A kan farar ƙanƙara irin ta ƙasar Hausa wannan bincike ya fi wuya, saboda ƙyallinta yana kashe ido a madubi, amma ana yin sa.

Abin da huda ta kawo

Fata, igiya da itace ba sa daɗewa a ƙasa, musamman a ƙasashe masu zafi da gara. Shi ya sa tarihin ɗinki yake da wuyar bi. Abin da ya saura shi ne abubuwa masu tauri da aka huda, kuma mafi tsufansu a Afirka suke. A kogon Bizmoune da ke Maroko an sami ɓawon ƙananan dodon-koɗin teku guda 33 masu huda, waɗanda aka bayyana a 2021 cewa sun kai aƙalla shekaru 142,000. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an sami makamantansu masu kimanin shekaru 75,000, kuma gwaji ya nuna cewa da tsinin ƙashi aka fi dacewa an huda su, ta hanyar dannawa daga ciki. Ke nan ba kowace huda ce aikin dutse ba.

Inda mahujin dutse ya yi fice shi ne ɓawon ƙwan jimina. Kaurinsa wajen milimita 2 ne, ba ya sokuwa, sai an murza. Akan farfasa shi ƙanana, a huda kowane ɗaya, a zura su a igiya, sannan a goga su gaba ɗaya a kan dutse mai kwari har su zama kewayayyu, kamar yadda jigida take. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya auna irin waɗannan duwatsun ado fiye da 1,500 daga gabashi da kudancin Afirka, ya nuna an fara yin su tun kimanin shekaru 50,000 da suka wuce. Har yau ana yin su a yankin Kalahari.

A ƙasashen sanyi kuma huda ta zama maganar rai da mutuwa. Fatar da aka yafa kawai iska tana shiga ta ko'ina, wadda aka ɗinke kuwa tana riƙe ɗumi. Allurar ƙashi mai kafa ta bayyana a Saiberiya kimanin shekaru 40,000 da suka wuce, kuma kafar, wadda wani lokaci ba ta fi milimita 1 ba, da ɗan mitsitsin mahujin ƙanƙara ake buɗe ta.

Mafi ban mamaki shi ne abin da aka gani a Mehrgarh, wani tsohon ƙauyen manoma a lardin Balocistan na Pakistan. A 2006 masu bincike suka ba da rahoton haƙora 11 na mutum 9 da aka ɓula tun masu su suna da rai, tsakanin shekaru 7,500 zuwa 9,000 da suka wuce. Faɗin ramukan daga milimita 1.3 zuwa 3.2 ne. An san masu haƙoran sun rayu bayan aikin domin gefen ramukan ya goge saboda tauna. Mutanen Mehrgarh gwanayen huda duwatsun ado ne, an kuma sami bakunan mahujinsu na ƙanƙara a wurin. Da masu binciken suka haɗa irin wannan baki da baka suka gwada, sai ya ɓula haƙori cikin ƙasa da minti ɗaya. Yadda majinyacin ya ji a cikin wannan minti, mai karatun da ya taɓa ciwon haƙori zai iya kintatawa.

A gida

Ɗaya daga cikin wuraren da aka yi cikakken tono irin wannan shi ne Tsaunukan Jos. A wata inuwar dutse da ke Rop, kudu da Jos, Bernard Fagg ya yi tono a 1944, Ekpo Eyo kuma ya sake yin wani a 1964. Abin da suka samu shi ne ɗimbin ƙananan kayan aiki, galibi na farar ƙanƙara, irin waɗanda ake dasawa a ƙota ko a kan kibiya. A Iwo Eleru, kusa da Akure, tonon da Thurstan Shaw ya jagoranta a 1965 ya fito da dubban ɗaruruwan gutsattsarin dutse da ƙasusuwan wani mutum da daga baya aka auna shekarunsa suka kai wajen 13,000.

A arewa kuma, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, akwai Gobero, wanda ayarin Paul Sereno ya ci karo da shi a shekarar 2000 yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare. Maƙabarta ce mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. Al'umma biyu suka zauna a wurin, ta farko daga kimanin shekaru 9,700 da suka wuce, ta biyu daga kimanin 7,200, lokacin da Sahara take da ciyawa, kifi da dorina. An binne wasu daga cikin mutanen baya da kayan adonsu: duwatsun wuya na dutse da na ɓawon ƙwan jimina, da wata yarinya mai awarwaron hauren dorina a damtse. Babu ƙarfe ko ɗaya a Gobero. Kowace huda da ke jikin waɗannan kayan ado an yi ta ne da dutse ko ƙashi.

Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, sun nuna yadda ado ya kai a tsakiyar Nijeriya. Wuya, ƙirji, ƙugu da idon sawu duk jere suke da duwatsun ado, wani a kan wani. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumomin Nijeriya, sun tono ainihin irin waɗannan duwatsu, na dangin ƙanƙara, a jere kamar yadda suke a zare, a gefen tukwane. Sun ɗauki wuraren a matsayin kaburbura, ko da yake tsamin ƙasar ya cinye ƙasusuwan. Zaren ya ruɓe, mai abin wuyan ya narke, hudar ce kaɗai ta saura.

Sana'ar ba ta mutu da zuwan ƙarfe ba, bakin mahujin ne kawai ya sauya. Jan dutsen nan da ake kira lantana, fataken Hausa ne suke ɗauko shi daga wajen Kirtashi, a bakin Kogin Kwara cikin Nijar ta yau, su kai shi Ilori. A can masu sana'ar sukan huda shi da siraran ƙarafa, suna bugawa a hankali da 'yar guduma suna juyawa, sannan su goge shi a kan dutse har ya yi sheƙi. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna F. Daniel ya rubuta bayanin aikin a 1937, lokacin da sana'ar ta riga ta fara ja da baya.

Abin da ke ƙarƙashin harsashin gini

Akwai kayan Zamanin Dutse guda ɗaya da kusan kowane manomi a ƙasar Hausa ya sani, wato gatarin aradu. Dutse ne mai santsi da baki kamar na gatari, wanda akan tsinta a gona bayan ruwan sama, a ce tsawa ce ta jefo shi. Haƙiƙa gatari ne, amma hannun mutum ne ya goge shi, ruwan sama kuwa wanke ƙasar da ta rufe shi kawai ya yi. Gatarin aradu ya yi sa'a, domin girmansa da kyansa suna sa a ɗauke shi a adana. Mahujin farar ƙanƙara ba shi da wannan sa'a. A idon lebura mai haƙa harsashi, ko direban tifa mai kwasar ƙasa, tsakuwa ce kamar kowace tsakuwa.

Wannan shi ne abin damuwa a wurare irin su Darmanawa da sauran unguwannin Tarauni, inda ake juya ƙasa kullum don gini, kwalbati da rijiya. Ƙasar da aka haƙa ba ta komawa yadda take. Darajar tsohon kayan aiki kuwa ba a jikinsa kaɗai take ba, tana cikin wurin da ya kwanta. Ba a iya auna shekarun sassaƙar dutse da ma'aunin kabon-14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, domin wannan ma'auni yana aiki ne kawai a kan abin da ya taɓa rayuwa. Gawayi, ƙashi ko ƙwayar hatsin da ke kwance tare da dutsen a shimfiɗar ƙasa ɗaya su ake aunawa. Da zarar an ɗauke dutsen an sa a aljihu, an raba shi da shaidunsa. Wannan ita ce ɓarnar da masu haƙar sata suka yi wa ɗaruruwan wuraren Nok: sun kwashe mutum-mutumin don sayarwa a ƙetare, suka watsar da duk abin da zai faɗi shekarunsa da ma'anarsa.

Ɗalibin da ya saba da alamomin zai iya bambanta aikin hannu da fashewar banza. Ɓangaren da mutum ya ɓallo yana da ɗan fili a kai inda aka buga, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan kumburi mai santsi. Gefen da aka gyara yana da ƙananan tabo a jere, masu kusan girma ɗaya, duk ta fuska ɗaya. Tsakuwar da injin fasa dutse ya fasa tabonta barkatai ne, sabo fil, ba tsari. Kuma kayan aiki ba safai yake zama shi kaɗai ba. Inda aka yi sassaƙa akan ga ɓarɓashi da yawa wuri ɗaya, wani lokaci tare da katangar tukunya ko gawayi.

Wanda ya ga irin wannan, abin da ya dace shi ne ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girma, kamar biro ko kwabo, ya rubuta wurin da zurfinsa, sannan ya sanar. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izini ba. A Kano hukumar tana da gidan tarihi a Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen da ke koyar da wannan fanni.

Gwaji a makaranta

Malamin kimiyya ko na tarihi yana iya nuna duk wannan a darasi ɗaya ba tare da kashe kuɗi ba. Ana buƙatar farar ƙanƙara daga tarin tsakuwar gini, da sakaina, da guntun fata daga wurin dukawa, da makankari ko ɓawon katantanwa. Fasa dutsen aikin malami ne shi kaɗai, a naɗe shi cikin tsumma mai kauri, a kuma sa tabarau, domin ɓarɓashinsa yana tashi kuma yana yanka kamar gilashi. Daga cikin gutsattsarin sai a zaɓi masu tsini.

Rukuni ɗaya na ɗalibai su huda sakaina da yatsu kawai. Rukuni na biyu su tsaga bakin kara su dasa dutsen, su ɗaure da zare, su murza da tafin hannu. Na uku su yi baka da tsumagiya da igiya. Kowane rukuni ya rubuta mintin da ya ɗauka, da adadin bakunan da suka karye kafin a gama. Daga nan a koma kan makankari, a gwada ta gefe ɗaya, a sake gwadawa ta gefe biyu, a ƙirga guda nawa suka fashe a kowace hanya. A ƙarshe a karya ɗaya daga cikin waɗanda aka huda ta gefe biyu daidai kan ramin, a duba shi da gilashin ƙara girma, a zana siffar da aka gani a littafi.